Daga Cin Rani Zuwa Zaman Ƙwadago: Aikin Yini da Tattalin Arzikin Ƙasashe Masu Tasowa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi sammako a birane irin su Kano ko Kaduna ko Abuja, da wuya ya rasa ganin gungun mutane a bakin titi, kowa da shebur ko diga ko kwanon ɗaukar kankare a gabansa, suna jiran wanda zai zo ya ɗauke su aiki. Da mota ta tsaya sai su yi mata caa. Mai motar ya zaɓi uku ko huɗu, a yi ciniki a tsaitsaye, sauran kuwa su koma su zauna. Wanda hantsi ya dubi ludayi bai sami mai ɗauka ba, to ya san ranar ta wuce shi, kuma abin da za a ɗora a gidansa ya shiga shakka.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan irin wannan aiki, watau aikin da ake ɗaukar mutum na yini ko na ɗan lokaci, ba tare da wani alkawari game da gobe ba. Za a duba asalinsa a ƙasar Hausa, da yadda ya sake kama, da dangantakarsa da matsalolin tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, a da ƙwadago ƙari ne a kan noma, mai yinsa yana da gonar da zai koma. Yanzu kuwa ya zama shi ne dukan rayuwar miliyoyin mutane, alhali ladan da ake biya bai daina zama irin na mai gona ba.

Ma'anar Ƙwadago da Danginsa

Bahaushe yana da kalmomi da dama da ya rarrabe ire-iren aikin ƙarfi da su. Akwai gayya, wadda taimakon juna ce: a taru a nome gonar wani, ya ba da fura da tuwo, gobe kuma a juya gonar wani. Akwai barantaka, inda bara ke zaune ƙarƙashin ubangida, cinsa da shansa da suturarsa, wani lokaci har da aurensa, duk suna wuyan ubangidan. Akwai jinga, inda ake yanke kuɗi a kan aikin gaba ɗaya, ko ya ɗauki yini ko mako. Sa'an nan ga ƙwadago, wanda wasu ke cewa ƙodago, watau mutum ya sayar da ƙarfinsa na yini, a sallame shi da yamma. Kalmar lebura kuwa aro ce daga Turanci, ta shigo tare da 'yan'uwanta irin su kwangila da helima.

Abin lura a nan shi ne wanda hasara ke faɗa wa idan al'amari ya ɓaci. A barantaka, idan bara ya kwanta ciwo, ubangida ne zai yi jiyya. A ƙwadago kuwa, ko ruwa ne ya hana aiki, ko siminti ya yanke, ko bulo ya faɗo wa mutum a ƙafa, shi kaɗai zai sha. Wani abin mamaki kuma, a Hausar yau kalmar ƙwadago ta zama sunan ƙungiyar ma'aikata masu albashi, kamar Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya da aka kafa a 1978, amma ainihin 'yan ƙwadagon bakin titi akasarinsu ba su da katin kowace ƙungiya.

Cin Rani a Da

Damina a ƙasar Hausa ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Idan aka kawar da amfanin gona da kaka, sai manomi ya sami kansa da watanni masu yawa babu aikin gona. Wannan ne tushen cin rani. Magidanci ko saurayi yakan bar ƙauye ya shiga birni ko ya nufi kudu, ya yi dako, ko ga-ruwa, ko yankan farce, ko aikin gini, ko faskare. Amfanin tafiyar iri biyu ne. Na farko, an rage baki ɗaya daga cikin masu cin hatsin rumbu, don haka hatsin zai kai iyali damina. Na biyu, zai dawo da ɗan kuɗin haraji da sutura da hidimar aure. Da hadari ya fara haɗuwa kuwa, sai ya ɗaure kayansa ya koma gida don kada shuka ta wuce shi.

Masana sun daɗe da lura da wannan al'ada. R. M. Prothero ya yi nazarin masu fita cin rani daga Lardin Sakkwato a shekarun 1950. Ita kuma Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa manomi mafi talauci shi ne wanda hatsinsa kan ƙare da wuri, har ya tilasta masa yin ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa gonar ke bukatar noma. Ta haka gonarsa kan ƙi yin kyau, baɗi kuma ya sake komawa ƙwadago. Ashe ke nan tun a ƙauye ma ƙwadago yana da fuska biyu: ga wani ƙari ne, ga wani kuwa tarko ne.

Zuwan Turawa da Sabon Salon Ƙwadago

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai sannu a hankali aka mayar da haraji ya zama na tsabar kuɗi. Wanda ba shi da abin sayarwa, dole ya sayar da ƙarfinsa. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita a kan 'yan dako aka jera ta, buhu bayan buhu. A tsaunukan Jos, kamfanonin haƙar kuza sun dogara ga leburorin da ke zuwa da rani su koma da damina. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga ɗiban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza har 1944. Wannan shi ne abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ɗiba sun mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A Sudan ma, gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925 sun ci moriyar Hausawa da sauran mutanen yamma masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda kan tsaya tsinkar auduga don neman guzuri.

A duk waɗannan wurare lissafin mai ɗaukar aiki ɗaya ne. Lebura yana da gona a ƙauye, iyalinsa suna ci daga cikinta, idan ya tsufa ko ya naƙasa can zai koma. Saboda haka ba sai an biya shi abin da zai riƙe iyali ba, abin da zai riƙe ransa shi kaɗai na 'yan watanni ya isa. Ƙauye ne ya zama asibitinsa da fanshonsa, kamfani kuwa ya kwashe riba. Wannan lissafi shi ne gadon da ƙasashe da yawa suka karɓa tare da 'yancin kai.

Abin da Masana Suka Zata

A 1954 masanin tattalin arziki Arthur Lewis, mutumin tsibirin Sen Lusiya wanda daga baya ya zama mai ba Kwame Nkrumah shawara, ya kawo wani ra'ayi da ya yi tashe ƙwarai. A ganinsa, ƙasa mai tasowa tana da rarar ma'aikata a karkara, kuma masana'antu za su yi ta janye wannan rara da araha suna haɓaka, har ranar da rarar za ta ƙare, lada ya tashi. Wani abu mai kama da haka ya faru a Koriya ta Kudu da Sin. Amma a yawancin ƙasashen Afirka mutane sun baro karkara, masana'antun da za su karɓe su kuwa ba su samu ba.

Keith Hart, wanda ya yi bincike a unguwar Nima ta birnin Ankara a Gana, shi ne ya jawo hankalin masana a farkon shekarun 1970 cewa waɗanda ake ƙirgawa marasa aiki a birni ba a zaune suke ba, suna nan suna fafutuka a sana'o'in da gwamnati ba ta da rajistarsu. Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a kan Kenya a 1972 ya ƙara yaɗa wannan fahimta. A lokacin an ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Sai ga shi a 2018 ita wannan ƙungiya ta bayyana cewa kimanin mutum biliyan 2, watau kashi 61 cikin ɗari na masu aiki a duniya, a irin wannan hali suke, a Afirka kuwa adadin ya kusa kashi 86 cikin ɗari. Ba dukansu ne 'yan ƙwadago ba, domin akwai ƙananan manoma da 'yan tireda da masu sana'ar hannu a ciki, amma rashin tabbas ya haɗa su.

Dalilan Yaɗuwar Ƙwadago

Dalili na farko shi ne dogaro ga haja ɗaya. Zambiya ta dogara ga tagulla, Gana ga koko da zinariya, Nijar a da ga yuraniyam, Nijeriya kuwa ga man fetur, wanda a tsakiyar shekarun 1970 ya zarce kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da take samu daga waje. Farashin irin waɗannan kaya a kasuwannin Turai da Amurka ake yanke shi. Idan ya tashi sai kwangiloli su yawaita, idan ya faɗi sai aiki ya tsaya cik. Ɗan kwangilar da bai san ko za a biya shi baɗi ba, ba zai yarda ya ɗauki ma'aikaci na dindindin ba. Har ila yau, haƙar mai aiki ne na injuna, mutanen da yake ɗauka kaɗan ne idan aka gwada da noman gyaɗa da auduga da ya ture.

Dalili na biyu shi ne durƙushewar masana'antu. Masaƙar farko ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata masu albashi. Haka nan Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano. Da farashin mai ya karye, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa. A farkon shekarun 2000 masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu albashin jiya suka koma acaɓa da gadi da dako.

Dalili na uku shi ne ƙaruwar jama'a da ƙuncin gona. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, yanzu kuwa an haye miliyan 200. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki goma ne za su raba ta gado. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kori mutane da yawa daga karkarar Nijar da arewacin Nijeriya. Rikicin da ya ɓarke a Borno a 2009 ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu, sa'an nan 'yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ɗan cin ranin da gonarsa ta gagare shi zuwa, ya zama mazaunin birni ba da shiri ba.

Dalili na huɗu shi ne zubewar darajar kuɗi. A 1981 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 125 ne, wanda a lokacin ya kai kimanin dalar Amurka 200. A 2024 an mayar da shi naira 70,000, amma bai kai dala 50 ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a kasuwa, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Idan mai albashi ya koka, to ina ga wanda ba kullum yake samun aikin ba?

Doka da Inda Ta Tsaya

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce. Sai wasu masu kamfanoni suka gano dabara: a sallami mutum kafin wa'adin ya cika, a sake ɗaukarsa a matsayin sabo. Wasu kuma sukan karɓi ma'aikata ta hannun ɗan kwangila, ta yadda mutum zai shekara goma yana aiki a wuri, amma a takarda ba ma'aikacin wurin ba ne. Wannan salo ya shiga bankuna da kamfanonin mai da na sadarwa, har ya kasance mai digiri da kwat ɗinsa yana cikin halin da bai bambanta da na mai shebur ba sai a sutura. Ita ma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin da ke bin yanayi irin na gona. Watau waɗanda suka fi bukatar inuwar doka su ne ta bari a rana.

Alƙaluma ma suna iya ruɗar mai karatu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki a Nijeriya sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sake ma'auni, ta bi na ƙasashen duniya wanda ke ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya sauko zuwa kashi 4.1. Wannan rahoto kuma ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin ba su da tsayayyen aiki mai rajista. Ma'anar wannan a fili take. A ƙasar da gwamnati ba ta biyan marar aiki ko kwabo, talaka ba shi da halin zama ya ce yana jiran aiki. Dole ya fita, ko me ya samu ya yi, da babu gara ba daɗi.

Illa ga Mutum da Ƙasa

Mai hannu baka hannu ƙwarya ba ya iya tanadi, ba ya iya shirin shekara, banki kuma ba ya ba shi rance. Ciwon mako guda kan cinye abin da ya tara, ɗansa kuma ya bar makaranta ya shiga talla ko gareji. Shi ne kuma na farkon faɗuwa duk ranar da iska ta juya. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi daga Gana, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa masu yawa. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu mutanen Gana. A 2013 an hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano, dubban 'yan acaɓa suka wayi gari suna neman wata sana'a. Da annobar korona ta sa aka kulle birane a 2020, an ga 'yan ƙwadagon Indiya suna taka sayyada ɗaruruwan kilomita zuwa ƙauyukansu, domin aiki ya tsaya, kuɗin haya da na abinci sun yanke rana ɗaya.

Ƙasa ma tana da nata rabon hasarar. Kamfani ba zai kashe kuɗi ya koya wa wanda zai sallama gobe aiki ba, don haka gwaninta ba ta taruwa. Wanda ba shi da tsayayyen albashi da wuya a karɓi harajin kuɗin shiga a hannunsa, baitulmali ya rame, gwamnati ta koma cin bashi. Kuɗin da ya kamata a zuba a wutar lantarki da makarantu sai ya tafi biyan bashin, masana'antu su ƙara kasa tsayawa, ƙwadago ya ƙara yaɗuwa. Haka abin ke zagayawa, kamar dai manomin Batagarawa da gonarsa.

Ina Mafita?

Hana ƙwadago da doka ba zai yiwu ba, domin aikin gini da na gona da na dako dole su bi lokaci. Abin da zai yiwu shi ne a maye wa ɗan ƙwadago gurbin abin da gona take yi masa a da. Indiya ta kafa doka a 2005 wadda ta yi wa kowane gida na karkara alkawarin aikin kwana 100 a shekara. Habasha ma a wannan shekara ta fara shirin biyan talakawan karkara kuɗi ko hatsi su yi aikin gyaran ƙasa da hanyoyi. Nijeriya ta gwada ɗaukar mutum 774,000 aikin wata uku a kan naira 20,000 a wata a tsakanin 2020 da 2021, amma da yake shirin na sau ɗaya ne, bai ba kowa tabbas ba. Darasin shi ne, amfanin irin wannan shiri yana ga ɗorewarsa, ta yadda talaka zai san yana nan baɗi.

Bayan wannan akwai noman rani. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta sa yankin Kadawa da Kura ya zama wurin da ake zuwa neman aiki da rani maimakon a gudu daga gare shi. Sai kuma inshorar lafiya da asusun tsufa waɗanda za su bi mutum duk inda ya koma aiki, da toshe ƙofar da ake bi ana sallamar ma'aikaci kafin wata uku, da shigar da 'yan dako da leburorin gini cikin ƙungiyoyin da za su yi ciniki da yawunsu. Gaba da duk waɗannan kuwa sai tsayayyar wutar lantarki da zaman lafiya a karkara, domin idan babu su, masaƙa ba za ta buɗe ba, manomi kuma ba zai koma gonarsa ba.

Kammalawa

An ga yadda ƙwadago ya faro a matsayin abokin noma, yadda mulkin mallaka ya gina arahar lebura a kan gonar ƙauye, da yadda dogaro ga haja ɗaya da mutuwar masana'antu da ƙuncin gona da faɗuwar naira suka mayar da shi zaman dindindin. Ɗan cin ranin da yana duban gabas ne yana jiran hadari ya koma gida. Jikansa da ke bakin titi da shebur, hanya yake dubawa yana jiran mota, kuma ruwan da kakansa ke murna da shi, shi hana shi aikin yini yake yi. Saboda haka duk mai son ya auna ci gaban ƙasa mai tasowa, bai kamata ya tsaya ga yawan waɗanda aka ce suna da aiki ba. Ya tambaya, mutum nawa ne daga cikinsu za su kwanta ciwo na mako guda ba tare da an sauke tukunya a gidajensu ba.